Feshin Hanci Mai Kai Homon Ƙwaƙwalwa: Wanne Za A Saya, Wanne Za A Bari?

Wasiƙun wannan makon kusan duk hanya ɗaya suka biyo. Tun da tallan feshin hanci ya cika intanet, ana cewa yana ɗaukar sinadaran homon ya kai su ƙwaƙwalwa kai tsaye, tambayoyi ba su yanke ba. Wasu lafiyar 'ya'yansu suke nema, wasu ta iyayensu, wasu kuma kuɗi ne ke musu ƙaiƙayi a aljihu. Ga wanda bai sani ba, homon sinadari ne da wani sashe na jiki ke haɗawa, ya zuba shi cikin jini, ya je ya ba wani sashen umarni, kamar yadda insulin ke umartar jiki ya kwashe sukari daga jini.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne. Da gaske akwai hanya daga hanci zuwa ƙwaƙwalwa, ko dai zancen 'yan talla ne?

Amsa: Hanyar tana nan, ɗalibi, kuma ba 'yan talla suka ƙirƙiro ta ba. Na sa tambayarka a farko don duk sauran amsoshin a kanta suka tsaya.

Tsakanin jini da ƙwaƙwalwa akwai shinge. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa sun manne da juna ƙam, ba sa barin manyan sinadarai su ratsa. Homon irin su insulin da oksitosin, in an haɗiye su ciki ya narkar da su, in kuma an yi allurarsu ɗan kaɗan ne ke tsallake shingen. To amma a can saman kogon hanci, daidai tsakanin idanu, akwai wani siririn ƙashi mai huje-huje kamar rariya. Ta waɗannan hujojin ne zaren jijiyar jin ƙamshi ke saukowa daga ƙwaƙwalwa su leƙo cikin hanci. Akwai kuma wata jijiyar, wadda ke sa ka ji yaji ko sanyi a hanci, ita ma tana komawa gindin ƙwaƙwalwa. Magani na iya bin gefen waɗannan zaren ya shiga ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa ba tare da ya bi ta jini ba. Wani mai bincike a Amurka, William Frey, ya nemi rajistar mallakar wannan dabara tun 1989. A 2002 kuma Jan Born da abokan aikinsa a Jamus suka shaƙa wa mutane insulin da wasu sinadarai biyu, suka ɗebi ruwan ƙashin baya, wanda shi ne ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa, suka tarar sinadaran sun bayyana a ciki cikin minti 30.

Abin da mai talla ba zai gaya maka ba shi ne ƙanƙantar hanyar. A ɓera, wurin jin ƙamshi ya kai kusan rabin cikin hanci, shi ya sa gwaji a kan ɓeraye ke ba da sakamako mai daɗin ji. A mutum bai kai kashi 10 cikin 100 ba, kuma yana can sama a lungu, inda feshin kwalba na yau da kullum ba ya cika isa. Matsi ɗaya na kwalba kusan kashi ɗaya cikin goma na mililita yake fitarwa, in ka ƙara ya zubo ko ya gangara maƙogwaro. Sannan majina da 'yan gashin da ke tura ta suna share abin da ya sauka cikin kamar minti 15 zuwa 20. Yawancin abin da ya tsira daga wannan shara jini yake shiga, don cikin hanci cike yake da jijiyoyin jini.

Ka riƙe wannan da kyau: maganin da aka fesa ta hanci daban, maganin da ya isa ƙwaƙwalwa daban. Homon ɗin da ake sawa ta hanci waɗanda hukumomin magani suka amince da su, irin su desmofiresin da nafarelin da gulukagon da testosteron, ta jini suke aiki. Hanci ƙofa ce kawai da ta hutar da mutum daga allura. Waɗanda ake fatan su kai ƙwaƙwalwa kai tsaye har yanzu a hannun masu bincike suke.

Tambaya: Ɗana shekararsa 6, likitoci sun ce yana da larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga. Ba ya kallon idona, in na kira sunansa ba ya juyowa. Na ga wani bidiyo da aka ce feshin oksitosin yana sa irin waɗannan yara su shaƙu da mutane. Na fara tara kuɗi. Don Allah in saya?

Amsa: 'Yar'uwa, na karanta wasiƙarki sau uku. Uwar da ke kiran ɗanta bai juyo ba, ita kaɗai ta san abin da ke ranta, kuma babu laifi ko kaɗan don kin ji labarin magani zuciyarki ta tashi. Allah Ya ba ki lada, Ya sauƙaƙa masa. Amma tun da kin tambaye ni, ba zan rufe ki ba: kada ki saya.

Fatan da kika yi, manyan likitoci ma sun yi shi. Oksitosin shi ne sinadarin da ke sa mahaifa ta murɗa lokacin naƙuda, ya kuma sa nono ya zubo in jariri ya kama. An ga yana da hannu wajen shaƙuwar uwa da ɗa a dabbobi, sai aka yi tunanin ko zai taimaki yara irin naki. Ƙananan gwaje-gwaje na farko sun ba da ƙwarin gwiwa. Daga nan aka yi babban gwaji a Amurka ƙarƙashin jagorancin Linmarie Sikich ta jami'ar Duke, da yara 290 'yan shekara 3 zuwa 17. Aka raba su biyu, wasu ana fesa musu oksitosin kullum, wasu ana fesa musu ruwan da babu magani a ciki, har tsawon mako 24, kuma iyaye da likitoci duk ba su san wane yaro ke samun wanne ba. Da sakamako ya fito a 2021, babu wani bambanci na a zo a gani tsakanin rukunin biyu.

Ki lura da wani abu a nan, don shi ne sirrin bidiyon da kika gani. Hatta a cikin yaran da aka ba ruwan banza, iyaye sun ce sun ga canji. Ba ƙarya suke yi ba. Yaro yana girma, kuma uwar da ta sa rai tana ƙara lura da kowane ɗan murmushi. Shi ya sa shaidar mutum ɗaya a bidiyo, ko da yana kuka da hawaye, ba ta isa a zuba wa yaro homon a hanci ba. Oksitosin ɗin da aka yi wannan gwajin da shi na gaske ne, mai tsabta, an san adadinsa. Wanda za a aiko miki a kwali kuwa ba ki san komai game da shi ba.

Kuɗin da kika tara, ki kai su inda aka tabbatar ana samun amfani. In ba a auna jin kunnensa ba, a auna, don rashin juyowa wani lokaci daga kunne ne. Ki nemi ƙwararrun koyar da magana da mu'amala, su koya miki yadda za ki riƙa wasa da shi a gida, ki bi abin da yake so ki shiga cikinsa, ki jira shi ya nemi abu kafin ki miƙa masa. Aikin a hankali yake tafiya, yana kuma cin haƙuri, amma shi ne ke motsa yaro. Ki sake rubuto min bayan wata uku in ji yadda kuke.

Tambaya: An ce oksitosin na sa mutum ya yarda da kai. Ina so in saya in riƙa fesawa a jikina in zan shiga ciniki, in kuma ɗan fesa wa matata ba ta sani ba, don kwanan nan ba ma jituwa.

Amsa: Malam, wannan tambaya ta ɓata min rai. Ba wa mutum magani bai sani ba cin amana ne, ko da matarka ce, balle sinadarin da ke murɗa mahaifa. In tana da ciki fa? Ka yi tunanin wannan kuwa?

Labarin yarda ya samo asali ne daga wani gwaji a Zurich da mujallar Nature ta buga a 2005, inda ɗaliban da suka shaƙi oksitosin suka fi sakin kuɗi a wani wasan amana. A 2020 aka maimaita shi da mutum fiye da 600, ba a sami wancan sakamakon ba. Wannan ma ga wanda aka cusa wa a hanci ke nan. Wanda ka fesa a riga kuwa a riga zai bushe. Ka je ka zauna da matarka ku yi magana.

Tambaya: Mahaifina ya fara mantuwa, har sunayen jikokinsa suna kuɓuce masa, likita ya ce alamun cutar Alzaima ce. Na karanta cewa insulin ta hanci na gyara ƙwaƙwalwa. Mahaifiyata na da ciwon sukari, akwai insulin ɗinta a firji. Zan iya juye shi a kwalbar feshi in riƙa ba shi? Ko in sayi wanda ake tallatawa? Ga hoton kwalbar na haɗo.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya saka maka da alheri kan kula da Baba. Amma ka bar insulin ɗin Mama inda yake, ka kuma bar kwalbar hoton nan inda ka gan ta.

Abin da ka karanta yana da tushe. Ƙwaƙwalwa na da wuraren karɓar insulin, musamman a sashen da ke riƙe tunawa, kuma an ga wannan aiki yana raunana a cutar Alzaima. Suzanne Craft ta yi gwaji da mutum 104 na tsawon wata 4, aka buga a 2012, sakamakon ya faranta rai. Sai ta jagoranci babba, mutum 289, shekara guda cur. Da aka buga shi a 2020, insulin bai fi ruwan banza ba. Wani abu ya faru a tsakiyar wannan gwaji da nake so ka ji. Na'urar da aka fara da ita ta riƙa ba da matsala, bayan mutum 49 sai aka canza wata, sauran 240 suka yi amfani da sabuwar. Waɗanda suka yi da ta farko an ga ɗan alamun amfani a wurinsu, na biyun ba a ga komai ba. Har yau masana na muhawara ko na'urar ce ta kawo bambancin. Ka ga ke nan, ƙwararru da na'urorin da aka ƙera musamman don kai magani saman hanci ba su gama gane kan abin ba. Ina ga tsohuwar kwalbar maganin mura? Ga shi kuma in insulin ya shiga jini ta hancin da ke da rauni ko kumburi, sukarin Baba zai iya faɗuwa. Alamar faɗuwar sukari a tsoho ruɗewa ce da zufa da suma, kai kuma sai ka ɗauka mantuwar ce ta ƙaru. Sannan ka rage wa Mama maganin da rayuwarta ta dogara a kansa.

Yanzu bari in zo kan hoton, don shi ne ya hana ni sukuni tun da na buɗe wasiƙarka, kuma maganar ta kowa ce.

Na ƙara girman hoton na duba shi lungu-lungu. Farar kwalbar roba ce, an manna mata takarda mai zanen ƙwaƙwalwa tana walƙiya. Babu sunan kamfani, babu adireshi. Babu lambar rajistar wata hukumar magani, babu lambar rukunin da aka haɗa, babu ranar ƙarewar wa'adi. Ba a faɗi nawa ne ke fita a matsi ɗaya ba. A can ƙasa, da ƙananan haruffan da sai an matso da ido, an rubuta cewa don bincike ne kawai, ba don amfanin ɗan Adam ba. Wannan layin garkuwar mai sayarwa ce. Da bakinsa ya ce maka magani ne, a rubuce kuma ya ce ba magani ba ne, ta yadda ranar da wani abu ya faru zai nuna maka takardar ya ce kai ka ja wa kanka.

Me ke cikin irin wannan kwalba? Abu uku ne, kuma babu na alheri. Ko dai ruwan gishiri ne zalla, kuɗinka sun tafi a banza. Ko akwai homon ɗin amma ya mutu, domin insulin da oksitosin ba sa jure zafi, ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyas, alhali wannan kwalba ta yi makonni tana yawo a kwali daga sito zuwa jirgi zuwa mota. Ko kuma akwai shi da ransa, amma babu wanda ya san adadinsa, wanda shi ne mafi muni. Homon ba abin kintace ba ne, da ma'aunin da ido ba ya gani ake auna shi, ɗan ƙari kaɗan ya juya jiki.

Mutane na raina hanci, suna ganin abin da aka fesa bai kai allura haɗari ba. Wannan kuskure ne babba. Ƙofar da magani ke bi ya kai ƙwaƙwalwa, ita ce cuta ma ke bi. Akwai wata ƙwayar amiba da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi, in an sha ta ba ta yin komai, amma in ta shiga hanci sai ta bi jijiyar ƙamshi ta ratsa ƙashin nan mai huje-huje ta cinye ƙwaƙwalwa, kuma da wuya wanda ta kama ya tashi. A 2011 mutum biyu sun mutu a jihar Luwiziyana ta Amurka bayan sun wanke hancinsu da ruwan famfo. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma wa ya gaya maka da wane ruwa aka haɗa kwalbar da ba ta da suna? Ita kanta jijiyar ƙamshin ba ta da ƙwari. A 2009 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta gargaɗi jama'a su daina amfani da wasu magungunan mura na hanci masu sinadarin zinki na Zicam, bayan rahoto fiye da 130 na mutanen da suka daina jin ƙamshi. Wancan kaya ne mai suna da kamfani da adireshi, shi ya sa aka iya bin sawunsa. Na kwalbar hoto wa za a kama?

Hatta magungunan da suka bi duk ƙa'ida, wani lokaci sai bayan shekaru aibinsu ke fitowa. Feshin kalsitonin an daɗe ana ba mata masu zaizayar ƙashi, sai a 2012 hukumar magunguna ta Turai ta ce a janye shi, don an ga ɗan ƙarin kamuwa da cutar daji, wato kansa, ga masu daɗewa suna amfani da shi. Wani maganin ƙara sha'awa mai suna biremelanotaid da feshin hanci aka fara gwada shi, aka dakatar saboda yana ɗaga hawan jini, sai a 2019 aka amince da shi a matsayin allura. Yau kuma za ka ga ana tallan feshinsa a intanet kamar turare. Abin da kamfanin da ya ƙirƙiro shi ya ajiye don tsoron haɗari, shi wani ke ɗurawa a kwalba yana sayarwa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne waɗanda ake farauta: uwa mai ɗa maras magana, da ɗa mai uba maras tunawa, da matar da ta daɗe tana neman haihuwa. Mutane ne da damuwa ta riga ta gajiyar, kuma mai talla ya san ba za su tsaya dogon bincike ba. Sai ya aro kalmomin masana, ya sa hoton wani cikin farar riga, ya ce kaya sun kusa ƙarewa, yau kaɗai ne rangwame. Duk maganin da ake maka gaggawar saya, ka ja baya. Na gaske yana zuwa ne da takardar likita, daga hannun mai lasisin sayar da magani, a kwali rufaffe, da lambar rajistar hukumar magunguna ta ƙasarku wadda za ka iya bincikawa, da doguwar takarda a ciki mai lissafa illolinsa. Wanda aka ce maka ba shi da illa ko ɗaya, ko dai babu komai a cikinsa, ko ana ɓoye maka.

Game da Baba, ka koma wurin likita ka nemi a duba abubuwan da ke kawo mantuwa kuma suna warkewa: ƙarancin bitamin B12, raunin aikin ƙullutun maƙogwaro da ake kira tayroid, rashin ji, da magungunan barci ko wasu da yake sha. A kula da hawan jininsa. A bar masa kayansa a inda ya saba, a riƙa hira da shi ko da zai maimaita tambaya sau goma.

Tambaya: 'Yata shekararta 8, har yanzu tana fitsarin kwance. Maƙwabciyata ta ba ni ragowar feshin desmofiresin, ta ce shi ya tsayar wa ɗanta.

Amsa: Ki mayar mata, Hajiya, ki yi mata godiya. Desmofiresin magani ne na gaske, kwaikwayon homon ɗin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa ne, kuma aikinsa a ƙoda yake. Haɗarinsa shi ne in yaro ya sha ruwa da yawa alhali maganin na aiki, ruwan ya taru ya tsinka gishirin jini, sai ciwon kai da amai, daga nan jijjiga, har ta kai ga rasa rai. Saboda haka ne a 2007 hukumar FDA ta cire fitsarin kwance daga jerin abubuwan da ake ba da feshin dominsu. Ƙwayarsa ce ake ba yara yanzu, ita ma da sharaɗin taƙaita shan ruwa da dare da dakatarwa in yaro na zazzaɓi ko gudawa, kuma likita ne zai rubuta. A fara duba ko tana da cutar mafitsara, ko taurin bayan gida, ko sukari. Kada a dake ta, kada a kunyata ta gaban 'yan'uwanta. Ba da gangan take yi ba, kuma yawancin yara da kansu suke dainawa.

Tambaya: Mijina na allurar insulin, sau biyu yana suma saboda sukarinsa ya faɗi. Na kasa haɗa allurar gaggawa, hannuna rawa yake. Likita ya ambaci wani na hanci. Ya cancanci kuɗinsa?

Amsa: Ƙwarai kuwa, 'yar'uwa, in da hali ki saya. Gulukagon ne, homon ɗin da ke sa hanta ta saki sukarin da ta ajiye. Na hancin, mai suna Baqsimi, an amince da shi a Amurka a 2019, gari ne miligiram 3 a cikin 'yar na'ura mai amfani sau ɗaya. Ki sa bakinta a hanci ɗaya, ki danna har ƙarshe, shi ke nan. Ba sai ya shaƙa ba, yana aiki ko yana sume, ko yana mura. Kada ki danna don gwaji, don babu na biyu a ciki, kuma ki bar ta a rufe cikin mazubinta sai ranar buƙata. Bayan kin ba shi ki juya shi ya kwanta ta gefe saboda amai, ki nemi taimakon asibiti nan take, in ya farfaɗo ya iya haɗiya ki ba shi abu mai zaƙi. Ki riƙa duba ranar ƙarewar wa'adinta. Suma sau biyu kuma alama ce adadin insulin ɗinsa na buƙatar gyara, ku gaya wa likita.

Tambaya: Shekarata 34, ina yawan jin kasala. In sayi testosteron na hanci don kaifin ƙwaƙwalwa da ƙarfi?

Amsa: A'a. Akwai na gaske, Natesto, wanda aka amince da shi a 2014, ana sa shi sau uku a rana, amma na mazan da gwajin jini na safe ya nuna, fiye da sau ɗaya, cewa homon ɗinsu ya yi ƙasa ne. Ba maganin kaifin ƙwaƙwalwa ba ne. Testosteron ɗin da aka ƙara daga waje yana iya kaurara jini, ya ɗaga hawan jini, ya rage ƙwayoyin haihuwa. Awa nawa kake barci? Ka fara da wannan, sannan a auna jininka da sukarinka.

Tambaya: Likita ya rubuta min nafarelin saboda ciwon mara mai tsanani da ya ce naman cikin mahaifa ne ke tsirowa a wajenta. Ina tsoron ya taɓa min ƙwaƙwalwa. Ga shi kuma mura ta kama ni, ban san ko yana shiga ba.

Amsa: Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata. Jini yake shiga, ya je wani ɗan ƙullutu da ke rataye a gindin ƙwaƙwalwa, wanda ke aika wa ƙwan mace umarni, ya sa shi ya yi shiru na wani lokaci. Al'ada ta tsaya, ciwon ya lafa. Shi ya sa za ki iya jin zafi na taso miki, ko barci ya gagara, ko ranki ya riƙa ɓaci, kamar mai shekarun ɗaukewar al'ada. In ɓacin ran ya yi nauyi ki gaya wa likita. Galibi ba a wuce wata 6 ana shan sa saboda yana rage ƙarfin ƙashi, kuma ba a haɗa shi da ciki, don haka ki tambayi likita hanyar kariyar da ba ta homon ba.

Mura ba ta hana ki ci gaba, kada ki tsallake ko sau ɗaya. Ki fyace hanci a hankali kafin ki fesa, ki ɗan sunkuyar da kai, ki toshe ɗaya hancin da yatsa, ki shaƙa sannu-sannu lokacin da kike dannawa. Ja da ƙarfi maƙogwaro yake kai shi. In za ki yi amfani da feshin buɗe hanci, nafarelin za ki fara sawa, sannan ki bar tazarar da takardar cikin kwalin ta faɗa. Ki riƙa wanke bakin kwalbar kamar yadda aka nuna don kada ya toshe, amma kada ki soka masa allura. Ki kuma rubuta ranar da kika buɗe ta a jikin kwalin, ki ƙirga matsin da kika yi, domin in adadin da aka rubuta ya cika, ruwan da ya rage a gindi ba ya fitowa daidai ma'auni.